Kwabo a rumbun bayanai: tambayoyi da amsoshi kan ajiye kuɗi da dunƙule lamba

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu rubuta manhaja a Legas, musamman waɗanda ke yi wa 'yan kasuwarmu aiki: dillalan gwari a Mile 12, masu shagunan waya a Computer Village da ke Ikeja, masu POS a Agege da Idi-Araba, da 'yan canji. In mun ce "dunƙulewa", muna nufin mayar da lamba mai dogon jela kamar 77.475 zuwa 77.48. In mun ce "datsewa", muna nufin yanke jelar kawai a jefar, ta koma 77.47. "Gurbi" kuma shi ne wurin da ake zuba wani nau'in bayani a tebur, kamar gurbin farashi. "Rumbun bayanai" shi ne manhajar da ke ajiye irin waɗannan tebura, kamar PostgreSQL, MySQL, SQL Server da Oracle.

Kwabo ya daina yawo a kasuwa. Me ya sa zan damu da shi?

A hannu ya ɓace, amma a banki yana nan daram. Tun da naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo 100 ne ke cika naira ɗaya, kuma ƙa'idar duniya ta sunayen kuɗaɗe, ISO 4217, ta ba naira (NGN) lamba biyu bayan ɗigo. Duk alat ɗin banki da kwabonsa yake zuwa. Harajin VAT, la'adar dillali da cajin POS duk kaso ne cikin ɗari, kuma kaso ba ya haifar da cikakkiyar naira sai an yi sa'a.

Darajar kwabon ba ita ce abin damuwa ba. Damuwar ita ce littafi ya ƙi daidaita. Akanta da ya ga bambancin kwabo 3 tsakanin rahotonka da takardar banki ba shi da hanyar sanin ko kwabo 3 ne kawai, ko kuwa kuskuren ₦50,000.03 ne ya haɗu da wani na ₦50,000.00 suka rufe wa juna asiri. Dole ya bi layi-layi.

Me ya hana a yi amfani da nau'in gurbi na FLOAT ko DOUBLE? Ai suna karɓar ɗigo.

Suna karɓa, amma abin da ka ba su ba shi suke ajiyewa ba. Waɗannan nau'o'i suna bin ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, suna rubuta lamba da sifili da ɗaya. A wannan tsari rabi, kwata da ɗaya bisa takwas suna zama cif. Ɗaya bisa goma kuwa ba ta ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.3333 ba iyaka a lissafinmu na yau da kullum. Sai kwamfuta ta ɗauki mafi kusa ta ajiye. Shi ya sa 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004 a harsunan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript, kuma 4.35 × 100 ke ba da 434.99999999999994. Ka datse wannan, ₦4.35 ta koma kwabo 434.

FLOAT mai bayit 4 (bayit ma'aunin girman ajiya ne a kwamfuta) shi ne mafi muni, domin lambobi bakwai ne kacal abin dogaro a cikinsa. Daga ₦131,072 zuwa sama, tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata ta fi kwabo ɗaya. A wurinsa ₦250,000.01 da ₦250,000.02 abu ɗaya ne. In kuɗin ya wuce ₦16,777,216, naira bibbiyu yake tsallakawa. Kuɗin lodin tirela ɗaya na kaya daga Arewa na iya kaiwa wannan yanki.

DOUBLE mai bayit 8 yana riƙe lambobi 15 zuwa 17, don haka kuskurensa ƙanƙane ne, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Manhaja za ta yi wata shida lafiya lau. Sannan wata rana a nemi layin da kuɗinsa ya yi daidai da wani adadi a rasa shi, ko a ga bashin abokin ciniki ya rage 0.0000000001 manhaja ta ƙi rufe asusunsa. Akwai kuma wani abin haushi: jimillar DOUBLE na iya canzawa in aka canza jerin da aka bi wajen tarawa. Rumbun da ke raba aikin SUM, wato tara jimilla, kashi-kashi yana yin su a lokaci ɗaya na iya ba ka amsa biyu daban a kan bayanai iri ɗaya.

To da me za a ajiye kuɗi?

Hanya biyu ce ingantacciya. Ta farko DECIMAL, wanda ake kuma kira NUMERIC, mai ajiye lamba a tsarin goma yadda ka rubuta ta. Ta biyu BIGINT, gurbin cikakkun lambobi marasa ɗigo, inda ake mayar da komai kwabo, ₦1,250.75 ta zama 125075.

DECIMAL ya fi sauƙi ga wanda akanta ko mai shago zai riƙa duba rahotonsa kai tsaye daga rumbu, domin ba sai an raba da 100 ba. BIGINT ya fi dacewa in manhajarka na magana da kamfanonin biyan kuɗi, domin irin su Paystack da kwabo suke karɓar adadi. Haɗarinsa ɗaya ne sananne: wani ya manta ya aika 5000 yana nufin naira dubu biyar, a caji ₦50. Maganinsa a sa kalmar kwabo a sunan gurbin kansa, kuma wuri ɗaya tak a cikin manhaja ya riƙa juya naira zuwa kwabo.

A ganinmu, wanne ka zaɓa bai kai muhimmancin ka tsaya a kansa ba. Tebur ɗaya da naira, ɗaya da kwabo, shi ne ke kawo rikicin da ake kwana ana nema.

Wane girma zan ba DECIMAL? Na ga kowa na rubuta DECIMAL(10,2).

Lambar farko jimillar lambobi ce gaba ɗaya, ta biyu kuma waɗanda ke bayan ɗigo. DECIMAL(10,2) na nufin takwas a gaba, biyu a baya, iyakarsa 99,999,999.99. Bai kai naira miliyan 100 ba. Ya isa farashin caja, bai isa cinikin shekara na babban dillali ba. In ya cika, PostgreSQL zai ƙi karɓa ya ba da kuskure. MySQL ma haka in yana tsauraran saiti, amma in an sassauta saitin sai ya rubuta 99,999,999.99 ya yi gargaɗin da ba mai karantawa.

Ga adadin da ake biya ko ake bi, DECIMAL(18,2) ya wadatar. Ga farashin guda, a ba shi lamba huɗu zuwa shida bayan ɗigo. Ga farashin canji, takwas zuwa goma. Kada a rubuta DECIMAL tsirara babu lambobi: MySQL zai ɗauke shi a matsayin (10,0), SQL Server kuma (18,0), duka biyun babu kwabo ko ɗaya. Iyakar MySQL lambobi 65 ce, ta SQL Server da Oracle 38.

In kwabo ka zaɓa, kada ka kuskura ka sa INT, ƙanin BIGINT. Iyakarsa 2,147,483,647, wato ₦21,474,836.47. BIGINT kuwa ya haura naira tiriliyan dubu 92.

Akwai nau'in MONEY a PostgreSQL da SQL Server. Ba don wannan aka yi shi ba?

Sunan ya fi aikin kyau. Na PostgreSQL ya dogara da saitin lc_monetary wajen sanin lamba nawa ne bayan ɗigo da kuma alamar da zai nuna. Ka kwashe bayanai ka zuba a wata sabar mai saiti daban, kana iya samun matsala. Ba ya ajiye sunan kuɗin, bai san naira ce ko dala ba. In ka raba shi da cikakkiyar lamba, datse ragowar yake yi.

Na SQL Server lamba huɗu yake riƙewa bayan ɗigo, har a tsakiyar lissafi. Raba 100 da 339 ka ninka da 10,000, duka a MONEY, za ka samu 2949.00, alhali amsar gaskiya ta kusa 2949.85. Ƙaninsa SMALLMONEY iyakarsa 214,748.3647, ko kuɗin wayar hannu mai tsada ba zai ɗauka ba.

Manhajata ta waya ce, da SQLite take aiki. Na rubuta DECIMAL, ya isa?

Bai isa ba. SQLite ba shi da DECIMAL na gaskiya. Zai karɓi sunan ba gardama, amma duk lambar da ke da ɗigo a matsayin REAL zai ajiye ta, wato DOUBLE ɗin da muka gudu. A SQLite a ajiye kwabo a INTEGER. Masu rumbun MongoDB kuma su yi amfani da Decimal128, wanda ke riƙe lambobi 34, domin lamba mai ɗigo da aka zuba kai tsaye daga JavaScript DOUBLE take zama.

In lamba ta ƙare da rabin kwabo daidai, sama za a yi ko ƙasa?

Ƙa'ida biyu ce ta fi yawo. Ta makaranta ta ce rabi ya hau: 2.5 ta zama 3, kuma −2.5 ta zama −3. Ta biyu, wadda ake jinginawa ga bankuna, ta ce rabi ya tafi wajen lambar da ke rabuwa biyu daidai, shafa'i ba wutiri ba: 2.5 ta zama 2, 3.5 ta zama 4. Hikimarta ita ce kada rabi ya riƙa hawa kullum, jimilla ta karkata gefe ɗaya.

Duka biyun daidai ne. Abin da ke ɓata lissafi shi ne kayan aikinka ba bakinsu ɗaya ba. ROUND na PostgreSQL a kan NUMERIC ta makaranta yake bi, amma a kan DOUBLE, a yawancin na'urori, shafa'i yake bi. MySQL a kan DECIMAL ta makaranta. Excel ta makaranta. Python da C# kuwa, in ba ka faɗa musu ba, shafa'i suke bi. Math.round na JavaScript nasa daban ne, yana mayar da −2.5 zuwa −2. Idan shafin da abokin ciniki ke gani ya dunƙule da wata ƙa'ida, rumbu ya dunƙule da wata, rasit da littafi za su saɓa a duk inda rabin kwabo ya faɗo.

Wace za a bi? Wadda yarjejeniya, banki ko akantan kamfani ya ce. Wannan hukuncin kasuwanci ne, bai kamata mai rubuta manhaja ya yanke shi shi kaɗai da tsakar dare ba. A rubuta ta a takarda, a sa ta a wuri guda a manhaja, kowa ya kira can.

Datsewa kuwa a guje mata sai da dalili, domin ita gefe ɗaya take ci kullum. Kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta fara wani ma'aunin farashin hannun jari a kan 1000 a 1982, ana datse shi zuwa lamba uku bayan ɗigo duk lokacin da aka sake lissafi. Zuwa Nuwamban 1983 ya sauka 524.811. Da aka gyara lissafin, sai ga shi 1098.892. Da yayyafi kogi kan cika.

A kowane layi zan dunƙule VAT, ko a jimillar rasit?

VAT a Nijeriya kashi 7.5 ne tun 1 ga Fabrairun 2020. Ɗauki kaya uku daban-daban a shagon waya, kowanne ₦1,033. Harajin kowanne 77.475 ne. Ka dunƙule a layi, 77.48 sau uku, ₦232.44. Ka tara tukuna, ₦3,099, harajinta 232.425, ta zama ₦232.43 a ƙa'idar makaranta, ko ₦232.42 a ta shafa'i. Rasit ɗaya, amsa uku. Da layi goma ne, bambancin hanya ta farko da ta biyu kwabo 5 ne.

A zaɓi ɗaya tare da akanta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a ajiye harajin da aka buga a rasit a gurbinsa, a matsayin adadi. Kada rahoton ƙarshen wata ya sake lissafa shi daga farashi. In abokin ciniki ya dawo da kaya, adadin da aka ajiye za a kwafo a sa masa alamar ragi.

Ga kuma kuskuren da ya fi kwabo tsada. In farashin ₦10,000 ya riga ya haɗa da VAT, harajin ba ₦750 ba ne. A raba 10,000 da 1.075, a samu ₦9,302.33, sannan a debe ta daga 10,000, haraji ya zama ₦697.67. Ɗaya ake dunƙulewa, ɗayan a samo shi ta debewa, don su biyun su cika 10,000 cif.

Yaya ake raba kuɗi tsakanin mutane ba tare da kwabo ya ɓace ba?

Raba ₦100,000 tsakanin abokan haɗin gwiwa uku, kowa ₦33,333.33, jimilla ₦99,999.99. Kwabo ɗaya ba shi da uba. Babu nau'in gurbin da zai warware wannan, domin ba matsalar ajiya ba ce.

Ga yadda ake yi. A mayar da kuɗin kwabo. A lissafa rabon kowa a datse shi ƙasa, a riƙe guntun da aka datse. A tara rabon, a debe daga asali, a ga kwabo nawa ya rage. Sai a raba ragowar ɗaiɗai, a fara da wanda guntunsa ya fi girma.

Misali, ribar ₦250,000 ce za a raba kashi 3, 2 da 2. Kwabo 25,000,000 ke nan a kan kashi bakwai. Na farko 10,714,285 da guntun 0.71, sauran biyun 7,142,857 da guntun 0.14 kowanne. Jimilla 24,999,999. Kwabon da ya rage na mai 0.71 ne. Sakamako: ₦107,142.86, ₦71,428.57 da ₦71,428.57. In guntaye sun yi kunnen doki, a sa ƙa'idar da ba ta canzawa, kamar wanda ya fara rajista, don in an sake lissafin gobe a samu amsar yau.

Haka ake yi wa biyan bashi kashi-kashi, sai dai a can galibi biyan ƙarshe ne ke ɗaukar ragowar. Masu rubuta manhajar rabon gado su ƙara kula: sulusi da sudusi ba sa zama a DECIMAL, 0.3333 ba sulusi ba ne. A ajiye lambar sama da ta ƙasa a gurbi biyu, a ninka da ta sama tukuna sannan a raba da ta ƙasa.

Katan mai guda 48 a ₦10,000. Me ya sa lissafin kayana ke raguwa?

Domin an dunƙule da wuri. Guda ɗaya 208.3333 ne. Ka ajiye 208.33, ka ninka da 48, ka samu ₦9,999.84. A katan 1,000 an rasa ₦160 a takarda ba tare da kowa ya taɓa sito ba. A ajiye kuɗin katan da adadin da ke ciki, a ninka kafin a raba, a dunƙule sau ɗaya a ƙarshe. A kuma tuna cewa PostgreSQL da SQL Server suna mayar da 5/2 zuwa 2 in duka biyun cikakkun lambobi ne, MySQL kuwa 2.5000 yake bayarwa.

Muna hulɗa da sefa, dala da riyal. Lamba biyu bayan ɗigo ta isa duka?

A'a. Sefa da ake kashewa a Kwatano da Yamai, XOF, ba ta da komai bayan ɗigo, haka yen ta Japan. Dala, riyal ɗin Saudiyya da sidin Ghana biyu ne. Dinarin Kuwait, na Libiya da na Tunisiya uku ne. Manhajar da ke ninka komai da 100 za ta mayar da sefa 5,000 ta ɗan kasuwar da ke bin hanyar Seme zuwa 500,000. A yi tebur na kuɗaɗe mai ɗauke da harufa uku na kowanne da adadin lambobinsa. Kowane adadi ya zauna kusa da gurbin da ke faɗin wane kuɗi ne, kuma kada SUM ya taɓa haɗa naira da sefa.

Farashin canji shi ne inda aka fi yin asara mai nauyi. A ce dala ɗaya ₦1,500 ce, don misali kawai. Wani ya juya ta, naira ɗaya dala 0.000666 da jela, ya zuba a gurbi mai lamba huɗu, ta zama 0.0007. Ninka ₦15,000,000 da ita, dala 10,500 maimakon 10,000. Ko da lamba shida ce, 0.000667, dala 5 ta ƙaru. Ba a ajiye juyayyen farashi. A ajiye 1,500 ɗin, in ana son dala a raba da ita. Dokar Tarayyar Turai ta 1997 kan shigowar yuro ta hana amfani da juyayyen farashi, ta kuma tsayar da lambobi shida masu ma'ana, irin yadda ake rubuta 655.957 na sefa a kan yuro.

A kowace ma'amala a ajiye abu huɗu: adadin da aka karɓa, adadin da aka bayar, farashin da aka yi amfani da shi, da lokacin. Farashin saye da na sayarwa kowanne da gurbinsa, kamar yadda kowane ɗan canji ke riƙe su daban a kansa.

Rumbuna DECIMAL ne, amma har yanzu ina ganin 0.30000000000000004. Daga ina?

Daga hanya. Kuɗin ya fita rumbu lafiya, manhaja ta juya shi DOUBLE. Direban PostgreSQL na Node.js, wato manhajar da ke haɗa JavaScript da rumbun, da gangan yake miƙo NUMERIC da BIGINT a matsayin rubutu, sai wani ya sa parseFloat, wanda ke juya rubutu zuwa DOUBLE, ya rusa kariyar. A Java, new BigDecimal(0.1) ya riga ya gurɓace kafin a fara, a rubuta "0.1" cikin alamar zance. Haka Decimal na Python. A JavaScript (1.005).toFixed(2) yana ba da 1.00, kuma cikakkun lambobi amintattu ne kawai zuwa 9,007,199,254,740,991. A JSON, tsarin da manhajoji ke aika wa juna bayani, a aika kuɗi ko dai a matsayin rubutu, "1250.75", ko a matsayin kwabo.

Excel ma hanya ce. Lambobi 15 yake riƙewa, kuma abin da yake nunawa ba lallai shi ne ke cikin akwatin ba. Akwatin da ke nuna 77.48 na iya ɗauke da 77.475. In an zuba irin wannan fayil a gurbin DECIMAL(18,2), rumbu zai dunƙule shi shiru, da tasa ƙa'idar.

Na gaji manhaja mai FLOAT, tana aiki shekaru. Yaya zan gyara?

Kada ka canza nau'in gurbin kai tsaye a kan bayanan da ake aiki da su. Fara da kwafin ajiya, ka gwada dawo da shi ka tabbatar yana buɗewa. Ƙara sabon gurbi na DECIMAL kusa da tsohon. Cika shi ta hanyar juya tsohon adadi zuwa DECIMAL mai lambobi da yawa tukuna, sannan a dunƙule zuwa biyu. Fitar da duk layin da bambancin tsoho da sabo ya kusa rabin kwabo, waɗannan sai an duba su da ido.

In DOUBLE ne, kusan kullum dunƙulewa na dawo da adadin asali. In FLOAT mai bayit 4 ne kuma adadin ya wuce ₦131,072, kwabon ya riga ya tafi, sai an koma takardar banki ko rasit an ɗauko shi. Ma'aunin asusu da aka daɗe ana ƙara masa ana ragewa kada a juya shi, a sake gina shi daga ma'amaloli ɗaya bayan ɗaya. Bambancin da ya fito a shigar da shi a matsayin layin gyara mai kwanan wata da sa hannun akanta, kada a goge shi a ɓoye.

Bayan nan manhaja ta riƙa rubutu a gurbi biyun na tsawon wata guda, ana kwatanta jimillarsu kowane dare. In rufe littafin wata ya wuce ba saɓani, a mayar da karatu kan sabon gurbi, a bar tsohon ba a taɓa shi har odita ya gama da shekarar.